Yadda Ake Warware Kalmar "Presumption" a Zaɓo Mata Hausar da Ta Dace

"Na ɗauka ka tafi." Ba Bahaushen da zai ji wannan ya tsaya tambayar me aka ɗauka, ina kuma aka kai shi. Mai maganar bai ga fitarka ba, ba wanda ya gaya masa. Ya dai leƙa bai ga takalmanka ba, sai ya ɗauki tafiyar taka a matsayin abin da ya riga ya auku. Wanda ya riƙe wannan "ɗauka" ya ci rabin aikin kalmar Ingilishi "presumption", domin ita ma daga ɗauka ta fito. Tushenta Latin ne: "prae" na nufin kafin, "sumere" na nufin ɗauka. Ta bi ta tsohon Faransanci ta shiga Ingilishi tun wajen ƙarni na 13, kuma duk yawon da ta sha ba ta rabu da asalinta ba, wato ɗaukar abu tun lokacinsa bai yi ba.

Inda gizo ke saƙa shi ne ɗalibi ko mai fassara yakan riƙe mata kalma ɗaya tak, "zato", ya yi ta liƙa ta ko'ina. Sai ka ga zato a inda ake maganar doka, zato a inda ake zagin mutum da rashin kunya, jimla ta fito ba kai ba gindi. Ga yadda nake bi da kalmar in ta faɗo mini cikin rubutu.

Mataki na farko: tambayi abin da aka riga aka ɗauka

Kafin ka taɓa ƙamus, karanta jimlar gaba ɗaya, haɗe da wadda ta gabace ta da wadda ta biyo ta. Sannan ka yi wa kanka tambaya ɗaya: me aka ɗauka tun ba a bayar ba?

Amsar ba ta wuce uku. Ko dai magana ce aka ɗauka gaskiya alhali ba a tabbatar ba, kamar ta mai takalman nan. Ko doka ce ta umarci alƙali ya ɗauki wani abu tabbatacce har sai an kawo hujjar da ta rushe shi. Ko kuwa mutum ne ya ɗaukar wa kansa matsayi, ko izini, ko kusancin da ba wanda ya ba shi. Ta farko maganar tunani ce, ana yi wa mai ita uzuri in ya yi kuskure. Ta biyu wajibi ce a kan kotu, ko alƙali yana so ko ba ya so. Ta uku aibi ce. Idan ka raba su tun a nan, sauran aikin gyaran fuska ne kawai.

Mataki na biyu: dubi maƙwabtanta a cikin jimla

Ƙananan kalmomin da ke kewaye da ita su ne ke tona mata asiri, kuma yawancin masu karatu tsallake su suke yi.

In "that" ta biyo ta, kusan kullum maganar tunani ce. "On the presumption that" daidai take da "bisa ɗaukar cewa". In "of" ce ta biyo, aka ɗora mata kalma irin "innocence" ko "death", to ka shiga kotu. In ka ga "in favour of" ko "against", ƙa'ida ce ta hukuma ko ta doka da ke nuna ɓangaren da ma'auni ya karkata tun kafin a fara awo: wanda ya zo neman akasin haka shi zai kawo dalili. In kuwa ka ga "had the presumption to", zagi ne cikin ladabi, ana nufin "har ya samu bakin da zai yi kaza".

Akwai wata alama mai sauƙi. Idan kalmar ta karɓi "a" a gabanta, ko ta zo a jam'i, to zato ne ko ƙa'idar shari'a, domin waɗannan ana ƙirga su. Hali ba a ƙirga shi, saboda haka a ma'anar rashin kunya takan zo ba "a" ba jam'i. Wanda ya ce maka "forgive my presumption" ba afuwar zato yake nema ba. Cewa yake "a gafarce ni in na yi shisshigi."

Aikatau ɗinta, "presume", ma haka yake. In "to" ta biyo shi da wani aikatau, musamman a kore, maganar sanin matsayi ce. Jimlar "I would not presume to advise you" na taɓa ganin an mayar da ita "ba zan yi zaton ba ka shawara ba", abin da ba Hausa ba ne, ba kuma Ingilishi ba. Bahaushe yana da abinsa a shirye: "Wane ni in ba ka shawara." Shi kuma "presume on" ko "presume upon" yana nufin fakewa da kirkin wani ko abotarsa a ci fiye da rabo, irin mutumin da aka ba shi hannu ya nemi kafaɗa.

Mataki na uku: in maganar tunani ce, auna nauyin hujjar

Nan ne 'yan uwan kalmar ke cunkushe, kuma nan ne ma'aunin malaman usulu, wato ilimin tushen fiƙihu, ke da amfani ƙwarai. Sun kasa sani gida huɗu: yaƙini, inda babu ɗaya biyun, zato, inda ɓangare ɗaya ya rinjaya, shakka, inda ɓangarorin suka yi kunnen doki, sai wahami, wanda shi ne ɓangaren da aka rinjaya. Ka ajiye wannan tsani a gabanka, ka riƙa ɗora kowace kalma a matakinta.

"Presumption" tana zaune a kan zato mai rinjaye. Akwai alama, akwai abin da aka saba gani, sai dai ba a kai ga tabbaci ba. Hausarta ita ce "ɗauka", ko "kyautata zato" irin na "ina kyautata zaton zai zo". Ka lura wannan daban yake da kyautata wa mutum zato, wanda shi hali ne na kirki.

Babbar kishiyarta ita ce "assumption", kuma uwarsu ɗaya, domin ita ma daga "sumere" ta fito. Abin da malaman nahawu suka saba koyarwa shi ne "presume" na da ɗan dalili a ƙarƙashinsa, "assume" kuwa ana iya yin sa ba tare da komai ba. Gaskiyar magana, masu harshen kansu suna cakuɗa su a hira ba wanda ya damu. Amma akwai wuraren da ba sa musanyuwa ko kaɗan, kuma su ya kamata ka haddace. Malamin lissafi da ya ce "assume" ba ya da'awar abin gaskiya ne, yana so ne a gina hujja a kai a ga inda za ta kai. Hausar wannan ita ce "mu ƙaddara". Haka nan "assume office" kama aiki ne, "assume responsibility" ɗaukar nauyi ne, kuma "presume" ba ya shiga ko ɗaya daga cikinsu.

Labarin da ya fi fito da bambancin shi ne na Henry Morton Stanley, ɗan jaridar da New York Herald ta tura neman David Livingstone, Baturen mai yawon bincike da aka daɗe ba a ji ɗuriyarsa ba a Afirka. Ya same shi a Ujiji, bakin Tafkin Tanganyika, a 1871, aka kuma ruwaito ya ce, "Dr Livingstone, I presume?" Masana tarihi suna da ja a kan ko ya furta hakan a lokacin, amma jimlar ta zauna a harshen. Abin lura shi ne dalilin da ya sa kalmar ta dace: ya yi watanni yana neman Bature ɗaya, ga shi ya iske tsohon Bature a daidai inda aka kwatanta masa. Hujja ta kusa cika, saura mai suna ya amsa. Da Hausa sai a ce, "Hala kai ne Dakta Livingstone?" ko "Dakta Livingstone ne, in ban yi kuskure ba?" Da a ce "ina zaton", da an rage wa maganar ƙarfi.

Sauran ba sa buƙatar dogon bayani. "Supposition" ƙaddarawa ce, abin da aka shimfiɗa don a yi magana a kai. "Conjecture" da "surmise" sun gangara ƙasa, alamun ba su da yawa, sai ka ce hasashe ko kintace. "Guess" cinke ne, in kuma da ɗan lissafi a ciki, kirdado. "Speculation" hasashe ne in ana mutunta shi, shaci-faɗi in ana kushe shi, kuma sautin marubucin ne zai gaya maka wanne. "Hypothesis" hasashe ne da aka tsara musamman don a gwada shi. "Premise" tubalin da aka ɗora hujja a kai ne. "Inference" kuwa ta bambanta da su duka ta fuskar lokaci: ita bayan an ga hujja ake tsamo ta, alhali kalmarmu riga hujjar take yi.

Kada ka sa "tsammani" sai in maganar na kallon gaba, ko akwai sa rai a ciki. Tsammani yana da jira a jikinsa, shi ya sa aka ce tsammanin warabbuka, malam ya ƙi noma don zakka. Wanda ya ɗauka ka tafi ba jiran komai yake ba.

Sannan ka yi hattara da "zato" shi kaɗai. A kunnen Bahaushe kalmar ba wankakkiya ba ce. Mun tashi muna jin zato zunubi ko da ya zama gaskiya, aya ta 12 ta Suratul Hujurat kuma ta yi umarni da nisantar da yawa daga zato. Saboda haka da ka rubuta "zaton da hukumar ta yi", mai karatu zai fara jin warin tuhuma, alhali Ingilishin bai tuhumi kowa ba. In maganar ba ta da ɓangare, "ɗauka" ta fi aminci.

Mataki na huɗu: in kotu ce, nemi wanda aka ɗora wa kawo hujja

Wannan ne wurin da kuskure ya fi tsada, don haka zan daɗe a kai.

A shari'a, "presumption" ba abin da ke cikin zuciyar alƙali ba ne. Mai yiwuwa alƙali a ransa ya gamsu cewa wanda ke tsaye gabansa ɓarawo ne, amma doka ta ce ya fara daga cewa ba shi da laifi. Wurin farawa ne, kuma aikinsa ɗaya: ya nuna wanda nauyin kawo hujja ke kansa. Duk lokacin da ka gamu da kalmar a takardar shari'a, yi tambaya biyu. Me aka ɗauka tabbatacce? Wa zai sha wahalar rushe shi? In fassararka ba ta amsa su ba, ba ta gama ba.

Ɗauki mafi shahara, "presumption of innocence". Tana cikin sashe na 11 na sanarwar kare haƙƙin ɗan Adam ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1948, tana cikin sashe na 14 na yarjejeniyar ƙasa da ƙasa kan haƙƙoƙin jama'a da na siyasa ta 1966, tana kuma cikin sashe na 7 na yarjejeniyar Afirka kan haƙƙin ɗan Adam da al'ummomi ta 1981. A Ingila shari'ar da ake komawa gare ta ita ce ta Woolmington ta 1935. Mutumin ya harbe matarsa, ya ce tsautsayi ne. Alƙalin farko ya gaya wa masu taya shi yanke hukunci cewa tunda an tabbatar shi ya yi harbin, shi zai nuna cewa ba da gangan ba ne. Majalisar Dattawan Birtaniya, wadda a lokacin ita ce kotun ƙoli, ta soke hukuncin, Lord Sankey, ɗaya daga cikin alƙalanta, ya kwatanta wajibin mai gabatar da ƙara na tabbatar da laifi da zaren zinariya da ya ratsa dukan saƙar dokar laifuka ta Ingila.

To yaya za ka faɗe ta da Hausa? "Zaton rashin laifi" ya yi rauni, kamar alfarma ce ake yi wa mutum don an ga fuskarsa ta salihai. Buɗe ta ka yi jimla: "Duk wanda ake tuhuma, ana ɗaukarsa marar laifi har sai an tabbatar da laifinsa a gaban kotu." Ta fi tsawo, amma ba ta bar komai a baya ba. Kada ka ji kunyar mayar da suna ɗaya na Ingilishi jimla guda ta Hausa. Ingilishin lauyoyi yana son tara ma'ana a cikin sunaye, Hausa kuwa da aikatau take tafiya.

Wanda ya yi karatun fiƙihu ba baƙon wannan tunani ba ne. Malamai suna da istis'habi, wato barin abu a kan halin da aka san shi har sai dalili ya zo ya canza shi. Suna da ƙa'idar cewa asali shi ne kuɓutar wuyan mutum daga haƙƙin wani, da ƙa'idar cewa yaƙini ba ya gushewa saboda shakka, da hadisin da ya ɗora hujja a kan mai da'awa, rantsuwa kuma a kan wanda ya musa. Kalmar da suke amfani da ita, "asali", kyauta ce ga mai fassara. "Asali mutum ba shi da laifi" gajeriya ce, kuma duk wanda ya zauna gaban malami zai gane cewa wurin farawa ake nufi, ba ra'ayi ba. Ba ina cewa tsarin biyu ɗaya ba ne a kowane reshe. Ina cewa kalmar tana nan a hannu, ba sai an ƙirƙiro sabuwa ba.

Daga nan sai ka duba sifar da aka jingina mata, domin iri biyu ce. "Rebuttable" ita ce wadda hujja ke iya rushewa. "Irrebuttable", ko "conclusive", ita ce wadda ƙofa ta rufe a kanta, ko me za a kawo. Misalin ta farko shi ne mutumin da ya ɓace: a dokar Ingila da ƙasashen da suka gaje ta, in an shekara bakwai waɗanda ya kamata su ji ɗuriyarsa ba su ji ba, kotu na iya ɗaukarsa ya mutu. Ranar da ya shigo da ƙafarsa, magana ta tashi. Fiƙihun Malikiyya ma ya yi wa matar wanda ya ɓace iyaka, shekara huɗu bayan ta kai ƙara gaban alƙali, sannan ta yi takaba. Haka ɗan da aka haifa cikin aure, ana ɗaukarsa na mijin ne. Misalin ta biyu shi ne yaron da bai kai shekara 10 ba a Ingila: doka ta ce ba ya aikata laifin da za a hukunta shi a kai, kuma ba a sauraron hujjar cewa yaron yana da wayo. A da akwai wata mai rusuwa ga 'yan shekara 10 zuwa 13, aka soke ta a 1998.

Ga ta farko ka rubuta "ana ɗauka cewa kaza, sai in an kawo hujjar akasin haka". Ga ta biyu ka bar "ɗauka" gaba ɗaya, ka ce "doka ta yanke cewa". A ganina ta biyun suna kawai ta ara, domin abin da ba ya karɓar hujja hukunci ne.

Wani tarko ga 'yan jarida: "missing, presumed dead". Kada ka kashe mutum da alƙalaminka. "Ya ɓace, ana kyautata zaton ya rasu" ko "ana fargabar ya rasu" sun isa. "Ya rasu" kai tsaye riga malam masallaci ne, kuma iyalinsa suna karantawa.

Mataki na biyar: in hali ne, auna zafin zagin

A nan Hausa ta fi Ingilishi kayan aiki, sai dai a yi zaɓe. Abin da ya raba "presumption" da sauran kalmomin girman kai shi ne maganar iyaka. "Arrogance" girman kai ne, mutum yana ganin ya fi kowa, ko da yana zaune shiru a kujerarsa. "Presumption" kuwa sai an taka wani layi: ƙarami ya yi maganar da ta manya ce, baƙo ya yi abin da ɗan gida ne kaɗai ke yi, wanda ba a tambaya ba ya ba da fatawa. Mai yin ta ma wani lokaci ba mugu ba ne, bai dai san inda ya kamata ya tsaya ba.

Don haka in shiga abin da ba ruwansa ya yi, ka ce shisshigi ko katsalandan. In gaggawar yin abu ce tun ba a ba shi dama ba, azarɓaɓi. In ya tunkari abin da ya fi ƙarfinsa, karambani, irin na akuya mai gai da kura. In an ba shi kaɗan ya zarce, ya wuce gona da iri, ko ya wuce makaɗi da rawa. In kuma ya san iyakar sarai ya take ta yana kallon mutane, wannan tsaurin ido ne.

'Yan uwanta na Ingilishi ma hawa-hawa suke. "Forwardness" mai sauƙi ce, rawar kai ko saurin sabo. "Cheek" da "nerve" na hira ne, har akan faɗe su da murmushi. "Impudence" rashin kunya ce kai tsaye, domin tushenta na Latin ma kunya ce aka kore. "Insolence" tsiwa ce ga na gaba. "Effrontery" da "gall" sun fi zafi, tsaurin ido ne mai sa a riƙe baki. "Temerity" tana da ganganci a ciki. "Audacity" ita ce mai fuska biyu: tana iya zama yabo ga mai ƙarfin hali, tana iya zama zagi, alhali "presumption" a wannan ma'ana ba ta taɓa zama yabo.

A rubutun addinin Kirista kalmar tana da wata ma'ana ta musamman, wato mutum ya sakankance da gafarar Allah har ya ci gaba da saɓo ba tuba, ko ya dogara da ƙarfin kansa wajen samun tsira. Fassarar Littafi Mai Tsarki ta King James ta 1611 ta yi amfani da "presumptuous sins" a Zabura 19, aya ta 13. Shisshigi ba ya aiki a nan. Ganganci ko ruɗin kai sun fi kusa.

Mataki na shida: kada 'yan ɗakinta su ruɗe ka

Sifofi biyu ne suka fito daga kalmar, kuma sun raba gado tsakaninsu. "Presumptuous" ta ɗauki rashin kunya. "Presumptive" ta ɗauki zato mai rinjaye. Wanda ya musanya su ya zagi wanda bai yi masa komai ba.

"Presumptive nominee" a siyasar Amurka shi ne wanda ya tara wakilan da suka isa, ko abokan takararsa suka janye, amma babban taron jam'iyya bai tabbatar da shi ba tukuna: "wanda ake sa ran jam'iyya za ta tsayar". "Heir presumptive" magaji ne wanda haihuwar wani na iya ture shi, saɓanin "heir apparent" wanda ba mai ture shi muddin yana raye. Elizabeth ta Biyu ta Ingila ta zauna a matsayi na farkon daga 1936 har ta hau gadon sarauta a 1952, domin a dokar lokacin, da mahaifinta George na Shida ya haifi ɗa namiji, da shi zai sha gabanta. "Mai jiran gado" kawai bai nuna wannan ba, sai ka ƙara "muddin ba a haifi wanda ya fi ta cancanta ba".

A fannin lafiya ma tana nan. A 2013 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sauya "TB suspect" da "presumptive TB" ga mai alamun tarin fuka da ba a gama tabbatarwa ba. Kalmar farko ta 'yan sanda ce, tana mayar da majiyyaci kamar mai laifi. In ka fassara sabuwar da "wanda ake zargi da tarin fuka", ka dawo da abin da aka gudu. Ka ce "mai alamun tarin fuka da ke jiran sakamakon gwaji".

Ita kuwa "presumably" ƙaramar aba ce: "da alama", "hala", "ga dukkan alamu". "Wataƙila" ta yi mata rauni.

Mataki na bakwai: in kai ne za ka rubuta ta, ka kuma gwada

Wajen rubutu, aikatau "presume" ba shi da "p" a tsakiya, amma sunan "presumption" da sifofinsa biyu duk suna da ita. "Presumptuous" tana da "u" bayan "t", kuma nan ne hannu ya fi zamewa a rubuta "i". Wajen furuci, "s" ɗin "presume" kamar "z" take fita, ta "assume" kuwa "s" ce sak.

Kalmar tana da ɗan nauyi, ta fi zama a wasiƙar aiki da muƙala da takardar kotu. "I presume" a hira yana iya fita da sanyin isa, musamman in ka ce wa mutum "I presume you have finished", wanda zai iya ji kamar "ai dai ka gama ko?" daga bakin shugaba. Ga aboki, "I suppose" ko "I take it" sun fi laushi. Ka ga "take" ɗin nan ma ɗauka ce.

Gwajin da nake yi kafin in saki jimla shi ne in liƙa mata wutsiya. In na ƙara "amma ashe ba haka ba ne" ta zauna daidai, maganar tunani ce, "ɗauka" ko "kyautata zato" sun yi. In "har sai an kawo hujja" ce ta zauna, doka ce, sai in duba ko na ambaci wanda zai kawo hujjar. In kuwa abin da ya dace da ita shi ne "wa ya aike shi?", to hali ne.

Gwada da wannan: "It was presumption on his part to presume that the seat was his." Kalma ɗaya sau biyu, ma'ana biyu. Ta biyun tana karɓar "ashe ba haka ba ne", ta farkon tana karɓar "wa ya aike shi?". Hausarta: "Azarɓaɓi ne ya sa ya ɗauka kujerar tasa ce." In marubucin ya fi haka fushi a sauran sakin layin, cire azarɓaɓi ka sa tsaurin ido.